Da damina zan fara koyon tuƙi, ko in jira rani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tara kuɗin makarantar koyon tuƙi, ga shi damina ta kankama. Maigidana ya ce in dakata sai ruwa ya ɗauke. Kuma tayoyin motar da zan riƙa gwaji da ita sun suɗe, yana son ya sa mata na gwanjo. Mece ce shawara? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maigida yana da gaskiya, sai dai ba duka ba. Wadda ƙafarta ba ta gama bambance birki da totur ba, bai kamata ta fara da ruwan Agusta ba. A jiƙaƙƙiyar kwalta mota kan ci kusan ninki biyu na tazarar da take tsayawa a busasshiya, ga ramukan da ruwa ya rufe, ga 'yan adaidaita sahu kowa na rige-rigen fakewa. Idan zaɓi a hannunki yake, ki fara da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya tafi, hazo bai sauko ba.

Amma kada ki ɗauka rani lafiya ne zalla. Hazon Disamba da Janairu kan ɓoye tirela sai kin zo dab da ita, kuma sabon direba da ya ga haka sai ya kunna babbar fitila, alhali ƙura ce za ta dawo masa da hasken cikin ido. Ƙaramar ake kunnawa, a rage gudu.

Ni dai da za ki ji tawa, ki biya makaranta yanzu, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, tunda sai da takardar makarantar za ki samu lasisi. Ki roƙi malamin ku fara a fili ranakun da gari ya washe. In hannunki ya faɗa, ya fita da ke cikin yayyafi ko sau biyu. Gara santsi ya fara samunki yana gefenki da ya same ki ke kaɗai da yara a baya.

Batun taya kuwa, a nan ban goyi bayan Alhaji ba ko kaɗan. Ki duba gefen tayar, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar na cewa taya ta tashi aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, kuma na gwanjo da yawa sun haura haka. Da damina ba ta kama ƙasa, da bazara zafin kwalta ya fasa ta. In kuɗin bai kai na taya huɗu ba, a sayi sababbi biyu a sa su a baya, sauran su biyo daga baya. A canza waifa ma, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, a manna jan harafin L, alamar mai koyon tuƙi, gaba da baya.