Amsa Kan Siti Zalina Ahmad da Wasan Mirgina Ƙwallo a Ciyawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Ƙanwata, na saurari tambayarki game da bidiyon da kika gani na wata mata da ɗankwali tana mirgina ƙwallo a kan ciyawa, inda kika ce ko wannan ma wasa ne da har ake zuwa ƙasashen waje dominsa. Ƙwarai kuwa wasa ne, Turawa na kiransa bols, kuma idan Malesiya ce ƙasar da kika gani an rubuta, to babbar gwanarsu a wannan fage ita ce Siti Zalina Ahmad, wadda aka haifa a shekarar 1979.

Sai an fahimci wasan kafin a gane girman abin da ta yi. Ana fara gara wata 'yar ƙaramar ƙwallo mai suna jak zuwa can ƙarshen fili, sannan kowace 'yar wasa ta yi ƙoƙarin ajiye nata ƙwallayen kusa da jak ɗin. Wahalar tana nan: ƙwallon ba ya tafiya a miƙe, domin an sassaƙa shi ne da gefe ɗaya ya rinjayi ɗayan, saboda haka yana raguwa da gudu sai ya fara lanƙwasa. Za ki ga 'yar wasa ta durƙusa, ta sake shi can gefe kamar ta yi kuskure, sai ya zagayo a hankali ya kwanta a jikin jak. Wani lokaci tazarar da ke raba mai nasara da mai rashi ba ta kai faɗin yatsa ba, sai alƙalin wasa ya ɗauko abin awo.

A Wasannin Ƙasashe Rainon Ingila na 2002 a Manchesta, tana da shekara 23 ko ƙasa da haka, ta doke Karen Murphy ta Ostareliya a wasan ƙarshe na mutum ɗaya, ta ɗauki lambar zinare. A 2006 a Melbon da ke Ostareliya ta sake ɗauka. Wannan na biyun ne ya fi burge ni, domin filayen Ingila suna da damshi da nauyi, sai an saki ƙwallo da ƙarfi, na Ostareliya kuwa busassu ne masu gudu, ƙwallo yana lanƙwasa sosai kuma taɓawa kaɗan ta isa ya wuce wurin da ake so. Hannun da ya saba da ɗaya yakan sha wuya a ɗayan, amma ita ta yi nasara a duka biyun.

Bayan haka shekara 12 suka shuɗe kafin ta sake taɓa zinare a waɗannan wasanni, kuma a tsawon lokacin nan ba ta ajiye wasan ba. A 2018 a birnin Gold Coast da ke Ostareliya, ita da Emma Firyana Saroji suka doke Afirka ta Kudu a wasan ƙarshe na 'yan bibbiyu da tazarar maki ɗaya tak. A 2022 kuma, a wasannin Birmingham, ta haura shekara 40, ta koma gasar mutum ɗaya ta samu lambar tagulla, yayin da Ellen Ryan ta Ostareliya, wadda ba ta fi shekara biyar a duniya ba lokacin da Siti ta ci zinarenta na farko, ta ɗauki zinare.

Ki sake kallon bidiyon, ƙanwata, amma wannan karon ki lura da inda take sakin ƙwallon da kuma inda yake tsayawa. Na gode, wassalamu alaikum.