Inna ta ce kada in zama "likitar mahaukata": me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina ƙarasa shekarar horo a asibiti. Zuciyata na kan fannin ƙwaƙwalwa, amma Inna ta ce ba da yawunta ba. A ganinta wannan ciwo na iska ne, aikin malamai, kuma mai zama da masu shi wata rana zai kwaso. Abokan aiki ma dariya suke yi, wai zan binne shekara shida a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Raina ya fara raunana. Akwai makoma a fannin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai makoma, kuma hanyar kin san ta: bayan bautar ƙasa ki ci jarrabawar farko ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ki samu gurbin horo, ki haye kashi na ɗaya da na biyu tare da rubuta bincike. Ki sa a ranki shekara biyar zuwa shida, in yajin aiki da jiran gurbi ba su ƙara miki ba. Ga asibitin tarayya na Kware kan hanyar Illela, ga asibitin koyarwa a cikin gari. Aiki ba zai yanke miki ba, domin mu likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kullum wasu na haɗa jaka zuwa Ingila da Saudiyya.

Masu dariya kuwa ki tambaye su ko sun san Thomas Adeoye Lambo. Ɗan Abeokuta ne, an haife shi a 1923, ya yi karatu a Ingila. A 1954 ya fara abin da ba a saba gani ba a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta: maimakon kulle marasa lafiya, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su shigo asibiti. Ya koyar a Ibadan, ya shugabanci jami'ar daga 1968 zuwa 1971, ya kai Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan ne kabarin da suke cewa za ki shiga.

Maganar Inna ce ta fi damuna, don ita nake karo da ita kowace safiya, a siffar da take kashe mutane. Ba tsoron kwasowa ba. Wannan kin san ba a ɗaukar sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankali mai sa jin muryoyi, kamar mura. Abin da nake nufi shi ne yadda ake fassara illar magani da tashin aljani.

Ga yadda abin yake faruwa. An kawo saurayi yana sambatu, ba ya barci, yana jin muryoyi. An sa masa haloferidol, maganin taɓin hankali, watakila a wani kyamis, da yawa, ba tare da ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba. Kwana biyu ko uku sai wuya ya karkace, ido ya kafe sama, harshe ya fito, muƙamuƙi ya ƙage. Ke kin san sunansa, distoniya, kin san ya fi kama samari, kin san allura ɗaya kan sake shi cikin mintuna. Su kuwa me suka gani? Wani dattijo ya taɓa riƙe mini hannun riga a bakin ɗaki, ɗansa kwance a tabarma ido a sama, ya ce, "Likita, mutanen nai na sunka taso, ba su son maganinku." Na roƙe shi ya ba ni rabin sa'a. Aka yi allura, yaron ya tashi ya nemi ruwa. Wannan ya ci sa'a da yana gabanmu. Nawa ne abin ya same su a gida, cikin dare, a ƙauyen da babu ko malamin asibiti?

Daga nan sai a zubar da magani a masai, a kai shi wurin wanda zai tabbatar wa iyaye abin da suke tsoro. Kuma abin haushi, da an daina maganin, karkacewar za ta tafi, sai mai hayaƙi ya ce ga shi aljani ya kwanta. Bayan wata biyu ko uku ciwon asali ya dawo, ya fi na da. Sai mari a ƙafa, sai bulala, wai ba yaron ake duka ba. Na sha kwance zane in ga gyambo a idon sawu, zoben ƙarfe ya ci nama. Wanda ya ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane ɗaruruwa, wasu da sarƙa, ya san ba ƙari nake yi ba.

Haka akatisiya: mara lafiya ya kasa zama, yana ta safa da marwa, a ce iskar ce ta motsa, ko wani mai ƙaramin sani ya ƙara masa maganin da ya jawo ta. Haka wanda ya samu sauƙi aka ce ya warke, ya ajiye ƙwaya. Mafi yawansu suna dawowa, kuma kowane komawa yana cin wani abu daga mutum, karatunsa ko aurensa ko sana'arsa.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Mu ne muke rubuta takarda cikin minti biyu mu ce "na gaba". Shi ya sa ba na barin ɗalibi ya wuce hannuna sai ya tsaya gabana ya bayyana wa mai jinya, da Hausar da tsohuwa daga Gwadabawa za ta gane, cewa wuya zai iya karkacewa, ba aljani ba ne, ga abin da za a yi, ga inda za a zo. Wanda ya iya zana hanyoyin sinadarin dofamin na ƙwaƙwalwa a allo amma ya kasa wannan, a wurina bai ci ba. Nan ne ake bukatar irinki: mace, Bahausa, wadda mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa za ta iya buɗe wa baki ba tare da surukai sun tsaya a kai ba.

Kuma kada ki yi faɗa da addu'a. Lambo kansa ya yi aiki da masu maganin gargajiya, yana lura da abin da suke yi. Ni nakan ce a yi ruƙiyya, a yi tofi, a sha zamzam, sharaɗina uku: ba duka, ba ɗauri, ba a taɓa magani. Malaman kirki ba sa musu da wannan, wasu ma su ke turo mana. Wanda ya ce sai an bar ƙwaya kafin ayar Allah ta yi aiki, ya ji tsoron ranar da za a tambaye shi ƙafar da ta ruɓe a hannunsa. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma takarda ba ta kwance mari, sai an samu masu zuwa su kwance.

Inna kuwa kada ki ja da ita, uwa ce, tsoro take yi miki. Ki nemi izinin shugaban sashe ki kawo ta ranar asibitin masu dawowa karɓar allurar wata-wata. Ta zauna a benci ta ga malamin makaranta, da mai shago a Tsohuwar Kasuwa, da matar da ta zo goye da jariri, kowa da katinsa a hannu yana sauri ya koma bakin aikinsa.