Masu Sallama da Niyyar Sata: Yaya Zan Kare Mahaifiyata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana zaune a gidanmu na gado a Tudun Wada, Kaduna, tare da jikarta mai shekara 12 wadda ke tafiya makaranta da safe. Ni ina aure a Barnawa, yayyena maza kuma aiki ya kai su Abuja da Legas. Makonni biyu da suka wuce, da hantsi, wasu samari biyu suka yi sallama suka ce su ma'aikatan wutar lantarki ne, an turo su ne saboda wai mitar gidan tana cin kuɗi fiye da kima. Ɗaya ya ja ta bayan gida don ta nuna masa inda waya ta shigo, har ya sa ta riƙe masa tsani, ɗayan kuma ya ce zai duba soket ɗin ɗakinta. Bayan tafiyarsu ta nemi wayarta da sarƙarta ta zinare da kuɗin adashin da aka ba ta ajiya, ta rasa. Sai da ta kwana uku kafin ta iya gaya mini. Yanzu yayyena sun ce ko dai a riƙa kulle gidan ta waje, ko a ɗauke ta daga can, ita kuma ta ce ba inda za ta je. Me kuke ba ni shawara?

Daga wata mai karatu, Barnawa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya mayar wa Hajiya da mafificin alheri, ya kuma kiyaye gaba. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne kwana ukun nan da ta yi tana ɓoye abin a cikinta, domin ya nuna cewa bayan dukiyar da aka ɗauka, an bar mata kunya da zargin kai. Don haka kafin a yi maganar kwaɗo da sakata, ki roƙi yayyenki kada wanda ya ce mata, "Ya aka yi kika bari suka shiga?" Idan aka yi wa tsoho faɗa a kan irin wannan, abin da yake koya shi ne ya yi shiru a karo na gaba, shirun nan kuwa shi ne babban jarin waɗannan ɓarayi.

Hajiya ba ta yi wauta ba. An raine ta a kan cewa baƙonka annabinka, kuma wanda ya yi sallama a ƙofa ana amsa masa da fara'a, a kawo masa ruwa. Wannan tarbiyyar ce suka yi amfani da ita. Shi ya sa da wuya su zo su kaɗai: ɗaya aikinsa ya riƙe hankalin mai gida da surutu ko da wani ɗan aiki, kamar riƙon tsani ko kunna famfo a bayan gida, ɗayan kuma ya shige ɗaki, inda 'yan mintuna suka ishe shi ya ɗaga katifa, ya buɗe durowa, ya leƙa cikin kwanonin jere. Rigar da suke sakawa ce kawai ke canzawa. Yau ma'aikatan wuta ne, gobe na ruwa, jibi masu feshin sauro ko masu rubuta sunayen tsofaffi don tallafi. Akwai kuma mata da ke shigowa cikin hijabi su ce sun ɓata hanyar gidan biki, ɗaya ta nemi ban ɗaki, ɗaya ta zauna gaisuwa, kuma su sun fi wahalar ganewa, tunda rubutun "Ba a shiga" da ke jikin ƙofofinmu maza yake tsayarwa. Suna kuma lura da lokaci: hantsi bayan yara sun tafi makaranta, da lokacin sallar Juma'a da unguwa ke zama babu maza.

Shawarar kulle gida ta waje ban goyi bayanta ba ko kaɗan. Idan gobara ta tashi, musamman a lokacin hunturu da komai ya bushe, ko kuma ciwo ya kama ta, ƙofar da aka rufe don kare ta ita ce za ta hana a cece ta. Ɗauke ta daga gidan da ta saba, da maƙwabtan da suka yi shekaru suna gaisawa, shi ma yana da nasa illar, kuma tunda tana cikin hayyacinta, ra'ayinta ne ya kamata ya rinjaya.

Abin da take bukata shi ne a sauƙaƙe mata cewa a'a ba tare da ta ji ta wulaƙanta baƙo ba, kuma addini ya riga ya ba ta wannan dama. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, Allah ya hana shiga gidajen mutane sai da neman izini da sallama, ya kuma ce idan aka ce ku koma, to ku koma. A hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi (SAW), aka tambaye shi wane ne, ya ce "ni ne", sai Annabi ya maimaita kalmar kamar mai nuna rashin jin daɗinta. Tsohuwar da ta san wannan za ta tambayi mai sallama sunansa da wanda ya aiko shi da ƙwarin gwiwa. Ki zauna da ita ku tsayar da magana guda da za ta riƙa faɗa daga bayan ƙofa, misali, "Ku yi haƙuri, masu gidan ba sa nan, ku dawo bayan la'asar." Ma'aikacin gaskiya zai dawo, ko ya bar takarda. Wanda kuma ya fara matsawa, yana cewa yanzu-yanzu za a yanke wuta ko tallafin zai wuce ta, wannan gaggawar tasa ta isa shaida.

Kada a dogara da katin shaida ko riga mai ƙyalli, domin ana iya buga kati a shagon kwamfuta, rigar kuma ana sayar da ita a kasuwa, ga shi idon tsoho ba lallai ne ya iya karanta ƙananan rubutu ba. Abin dogaro shi ne mutum na uku. Ku nemi maƙwabci ko maƙwabciya da ke wuni a gida, ko mai shagon bakin layi da kuka yarda da shi, ku yi yarjejeniya cewa duk baƙon da ya zo da sunan aiki za a tura shi can tukuna. A sa lambarsa a sabuwar wayar Hajiya yadda danna maɓalli ɗaya zai kira shi. A ƙofar kuma, kafinta ko mai walda zai iya sa sarƙar da ke barin ƙofa ta buɗe kaɗan kawai, ko ya huda 'yar taga daidai tsayinta. Idan mita tana cikin gida, a nemi kamfani ya mayar da ita waje ta hanyar da doka ta tanada, yadda ba wanda zai sake fakewa da ita.

Akwai abu guda da ba ki ambata ba, wanda ya fi komai gaggawa: layin wayar da aka sace. Idan da shi ta buɗe asusun banki, wanda ke riƙe da shi zai iya ƙoƙarin cire kuɗi ko cin bashi da sunanta. Ki kai ta ofishin kamfanin layin da lambarta ta NIN a rufe tsohon a ba ta sabo, sannan ku je banki a duba asusun, a canza lambobin sirri. Ki kuma nanata mata cewa babu ma'aikacin banki ko na fansho ko na tallafi da ke da ikon tambayar lambar sirrin katin ATM ɗinta, a ƙofa ne ko a waya. Kuɗin adashi kuwa, tun bayan wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 tsofaffi da yawa sun koma ajiya a ɗaki, kuma na fahimci dalilinsu, amma amanar mutane ta fi ƙarfin ƙarƙashin katifa. A nema wa kuɗin asusu, a bar mata na cefane kawai.

Wata tambayar kuma mai ɗaci ce, amma dole a yi ta: wa ya san cewa kuɗin adashin yana hannunta a wannan makon, kuma wa ya san ita kaɗai take wuni? Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ba ina nufin ku fara zargin 'yar aiki ko almajirin gida ba tare da hujja ba, domin wannan zalunci ne. Ina nufin a rage yawan masu sanin abin da ke ɗakinta, a kuma koya wa jikar kada ta riƙa amsa wa baƙo tambayar wa ke gida da yaushe ake fita.

Ku kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ko da kuna ganin kayan ba za su dawo ba, ku kuma sanar da mai unguwa da limamin masallacin layin da 'yan sintirin gwamnatin Jihar Kaduna (KADVS) na yankin, saboda masu irin wannan sana'a sukan bi layi-layi ne, kuma sanarwa guda bayan sallar magariba tana iya tsare gidaje da dama. Ki roƙi mai unguwa ya riƙa sanar da mutane tun kafin zuwan ma'aikatan gaskiya, kamar masu allurar rigakafin shan inna da ke bin gida-gida, don kada tsoron ɓarayi ya sa a rufe musu ƙofa yara su cutu. Idan aka ga masu irin wannan sallama a unguwa, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a miƙa su ga hukuma, kada matasa su ɗauki doka a hannunsu, domin a irin wannan hayaniyar ana dukan wanda bai ji ba bai gani ba.

Su kuma yayyenki, ki ce musu su raba kwanakin mako a tsakaninsu, kowa ya ɗauki ranar da zai kira ta da hantsi, ya tambaye ta lafiyarta da wanda ya yi sallama a gidan yau.