Tambaya da Amsa: Mitar gas mai aiki da sauti, ya ake gane ta fara ƙarya?

Tambaya: Salam Malam, ina aiki a tashar auna iskar gas, mitarmu altirasonik ce, ba abin da ke juyawa a cikinta amma oga ya dage sai mun riƙa duba lafiyarta duk wata. Dan Allah abin da baya motsi me zai lalace a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ogan naka ya fi ka gaskiya. Ita mitar nan sauti take harbawa tsakanin kawuna biyu-biyu masu aika sauti da karɓarsa, kowane biyu hanya ɗaya ke nan, sautin da ya bi gas yana riga wanda ya saɓa masa isa, daga wannan ɗan bambancin lokacin take lissafa gudun gas. To matsalar ita ce bata mutuwa lokaci ɗaya, tana nan tana ba ka lamba lafiya lau alhali ta kauce.

Ka ɗauki datti kawai, man kwamfiresa ko baƙar ƙurar nan ta cikin bututu, in ya taru a bango ramin ya tsuke gas ya ƙara gudu, ita kuwa mita har yanzu da tsohon faɗin take lissafi, sai ta ƙirga fiye da abin da ya wuce, mai saye ya yi ta biyan gas ɗin da bai karɓa ba.

Ni abin da nake fara dubawa gudun sauti ne. Ka kwatanta wanda mita ta auna da wanda aka lissafo daga sinadaran gas, matsi da zafi, ƙa'idar irin waɗannan mitoci ta Amurka, AGA 9, wadda ta fara fitowa a 1998 ta sa iyakar bambanci a kashi 0.2 cikin 100. In ya wuce kar ka yi saurin ɗora wa mita laifi fa, sau da yawa ma'aunin zafi ne ko na'urar tantance gas ɗin.

Sannan ka lura da ƙarfin da take ƙara wa sigina, in na hanya ɗaya yana ta hawa to kan nan ya yi datti ko ya fara gajiya. Bawul mai rage matsi in yana kusa shi ma ƙararsa na dagula ta. In kuma gudun gas a hanyoyin ya daina daidaituwa yadda ya saba, ka zargi farantin nan mai huji-huji da ke daidaita tafiyar gas kafin ya shiga mita, wataƙila wani abu ya toshe shi.

Duk wannan sai kana da bayanan ranar da aka kafa mitar, da su zaka riƙa gwada na kowane wata, in babu ku fara ajiyewa daga yau.