Uberti 1873 tana cijewa da harsashin .38 Special: ina matsalar?

Malam, ka ce bindigarka Uberti 1873 (kwafin doguwar bindiga Winchester 1873 da kamfanin Uberti na Italiya ke ƙerawa) mai cin harsashin .357 Magnum tana cijewa in ka zuba mata .38 Special, wanda ya fi shi gajarta. Galibi laifin tsawon harsashi ne, ba na bindigar ba.

Irin Winchester 1873 ba ta da abin tare harsashi a bakin bututun ajiyar harsasai. Tubalin tagulla da ke ɗaga harsashi zuwa bakin ɗaki (inda harsashi ke zama kafin a harba), shi ne ma'auni. In harsashin ya gaza, gindin na bayansa sai ya leƙo cikin tubalin, ka ja hannun ɗanawa tubalin ya ƙi tashi. Kada ka tilasta shi, za ka lanƙwasa sandar da ke ɗaga tubalin. Samu awo ka auna harsashin daga gindi zuwa kai. In ya kasa inci 1.45, nan cijewar take farawa, iyakar tsawon .357 kuwa inci 1.59 ne. Nemi .38 mai dogon kai, ko ka koma .357 mai sauƙin albarushi.

Kai mai faɗi kawai za ka zuba. A cikin bututun, kan kowane harsashi yana jingine da gindin na gabansa ne, mai tsini zai iya tayar da shi.

Ka kuma guji .357 mai zafi (mai yawan albarushi) kullum. Makullin bindigar, wanda ke rufe bayan ɗakin harsashi, irin mai gwiwa ne, bai kai na samfurin Winchester 1892 ƙarfi ba, duk da ƙarfen zamani da Italiya ke ƙera ta da shi. In ka kwance faifan gefe, yi amfani da sukudireba mai daidai, domin sukurorinta suna saurin lalacewa.