Takalmi mai tsini da budurwar zuciya

Tambaya: Malam, shekaruna sun haura sittin, amma har yau in zan fita taro sai na sa takalmi mai tsini. Ƙanwata ta ce budurwar zuciya ke damuna. Mece ce ainihin ma'anar wannan magana, kuma ta hau kaina?

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Budurwar zuciya ita ce zuciyar da ta ƙi bin mai ita zuwa tsufa. Jiki ya yi gaba, ita ta tsaya tana sha'awar abin da yara ke sha'awa. An fi jifan dattijon da ke bin 'yan mata sa'o'in jikokinsa da ita, shi ya sa akwai ɗan zambo a cikinta ko da cikin raha aka faɗe ta. Sai dai kafin magana ta hau kan mutum, sai an tabbatar abin da yake so ɗin na yara ne. A nan nake ganin ƙanwarki ta yi gaggawa.

Takalmi mai dogon dunduniya ma asalinsa na mazaje ne, mayaƙa. Mahayan dawakin Farisa ne suka yi fice da shi tun wajen ƙarni na 10, saboda dunduniyar ta maƙale a likkafa, mahayi ya miƙe tsaye a kan doki ya ja baka ba tare da ƙafarsa ta zame ba. Likkafar nan da muke cewa ta ci gaba idan mutum ya samu ƙarin girma, ita ce mafarin dogon dunduniya. A 1599 Shah Abbas, sarkin Farisa, ya aika jakadu Turai, manyan can suka ga takalman baƙin suka ɗauka. Sarki Luwi na 14 na Faransa, wanda ba dogo ba ne, ya riƙa sa mai jan dunduniya, har jan ya zama alamar 'yan fada. Sai a ƙarni na 18 maza suka sakar wa mata shi. To abin da sarki ya sa don a san shi ne sarki, da wuya a kira shi kayan yara.

Ina ganin kalmar da ta dace da ke tana cikin sunayen da Hausa ta ba tafiya, kuma tana da su da yawa. Akwai yanga, tafiyar mai son a kalle shi. Akwai rangwaɗa, wadda jiki ke lanƙwasa dama da hagu, galibi ta 'yan mata. Akwai kuma taƙama. Yau an fi jin taƙama da ma'anar alfahari, kamar a ce wane yana taƙama da kuɗinsa, amma tana nufin irin takun da ake yi a hankali, kai a sama, ba waiwaye, ba sauri, irin na mai sarauta da ya san za a jira shi. Ki lura da abin da takalmin yake yi miki da kin zura ƙafa: takunki ya gajarta, bayanki ya miƙe, kafaɗa ta koma baya, kuma ko kin so ki yi gaggawa ba dama. Yarinya 'yar ashirin takan yi kokawa da wannan, tana tafiya gwiwa a lanƙwashe, ido a ƙasa. Wadda ta shekara arba'in tana sa shi ta riga ta san inda za ta ɗora nauyinta. Kuma akwai abin da mata da yawa ke faɗa, cewa da shekaru suka ja sai ido ya daina tsayawa a kansu a cikin taro. Takalmin da ke sanar da isowar mutum tun kafin a gan shi yana maganin wannan. In ƙanwarki ta sake, ki ce mata taƙama ce, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Wasu na cewa mai tsini, wasu mai tudu, wasu ƙwas-ƙwas. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne, 'yata, amma ba abu ɗaya suke nuni ba. Tsini shi ne bakin abu mai siriri, kamar na allura ko mashi, don haka mai tsini shi ne wanda dunduniyarsa ta sirance. Turawa ma haka suka gan shi, sunan da ake kiransa da shi, sitileto, sunan wata siririyar wuƙa ce ta mutanen Italiya. Irin wannan bai yaɗu ba sai a shekarun 1950, da aka fara sa sandar ƙarfe a cikin dunduniyar don kada ta karye, kuma Roger Vivier, mai zana wa Dior, gidan kayan ado na Faransa, takalma, yana cikin waɗanda suka fito da shi. Mai tudu kuwa ƙasansa ne gaba ɗaya ya yi kauri ya ɗaga ƙafa, ba tsini a jikinsa. Ƙwas-ƙwas amsa-kama ce, wato kalmar da ke kwaikwayon sauti ko yanayi, ƙarar takalmin ce a kan daɓe ta zama sunansa. A rubutu na ilimi ki ce mai dogon dunduniya, ya haɗe su duka. Diddige da dunduniya abu ɗaya ne, daga can muka samu bin diddigi.

Tambaya: Malam, matata tana fama da ciwon gwiwa amma ta ƙi rabuwa da dogayen takalmanta. Na ce mata son zuciya ɓacin zuciya, ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wa ya fi gaskiya?

Alhaji, kun yi mini gwanintar jifa da karin magana, amma naka bai sauka daidai ba. Son zuciya a wannan karin yana nufin kwaɗayi da son kai, irin wanda ke sa mutum ya ci haƙƙin wani ko ya zubar da mutuncinsa. Mai ɗakinka ba ta ci haƙƙin kowa ba, ado take yi. Nata karin ya fi zama, don ita ke cikin takalmin, ita ta san yatsan da ke matsuwa da lokacin da ƙafa ke fara zafi.

Amma karin nata yana da wutsiya da ba ta ja ba: wanda ya san inda ɗaki ke yoyo, shi ake jira ya toshe. Dogon dunduniya yana tura nauyin jiki gaba, ya tara shi a ƙarƙashin yatsu, kuma kitsen da ke tafin ƙafa, wanda ke zama kamar katifa a wurin, yakan ragu da shekaru. Yana ƙara wa gwiwa aiki. Wadda ta daɗe tana sa shi kullum, naman sha-raɓarta yakan gajarta, jijiyar agara ta yi tauri, shi ya sa za ka ji ta ce takalmi marar tudu ne ke sa mata ciwo, kai kuma ka ɗauka dalili take nema. Gaskiya take faɗa. Saboda haka kada ka ce ta sauko ƙasa rana ɗaya. A rage tsawon kaɗan-kaɗan, a bar mai tsini a koma mai faɗin dunduniya ko mai tudu, wanda ke da maɗauri a idon sawu, a ajiye mafi tsawon don taron da zama ya fi tsayuwa yawa. Gwiwar kuma a kai ta likita ya duba, don ciwon yana iya zama nasa daban, ba na takalmi ba.