Amsa ga mai son kafa ƙungiyar rediyon sa-kai domin lokacin bala'i

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce kai da abokanka shida kun sami lasisin rediyon sa-kai, wato na masu aikawa da karɓar saƙo ta rediyo don sha'awa ba don kuɗi ba, kuna son kafa ƙungiyar da za ta taimaki yankinku da sadarwa idan ambaliya ko guguwa ta katse layukan waya, kana kuma neman shawarar na'urorin da ya kamata ku fara saya. Na daɗe a cikin wannan harka, na kwana fiye da sau ɗaya a sansanin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu da rediyo a gabana, saboda haka zan faɗa maka abin da idona ya gani. Sai dai ka yi haƙuri, maganar saye ita zan bari ƙarshe, domin a cikin duk abin da kuke bukata na'ura ce mafi sauƙin samu.

Niyyarku tana da tushe. Wayar salula ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, sai ta bi ta turken sadarwa, shi kuwa turken yana rayuwa ne da wutar lantarki da layin da ya haɗa shi da cibiya. Idan wuta ta ɗauke, batirin turken ya ƙare, motar da za ta kai wa janareta mai ta rasa hanya, to wayar kowa ta koma fitila. Rediyonku kuwa batir da eriya kawai yake nema. Wannan ne ya sa bayan ambaliyar daren 31 ga Janairun 1953, wadda ta cinye gabar gabashin Ingila da wani yanki na Holan, masu rediyon sa-kai na Birtaniya suka kafa ƙungiyar RAYNET a wannan shekarar, yayin da takwararta ta Amurka, wadda yau ake kira ARES, ta samo asali tun 1935. A Disambar 2004 ma, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman, wasu masu rediyo 'yan Indiya da suka je can domin nishaɗin tuntuɓar ƙasashen nesa sai suka juya na'urorinsu zuwa isar da saƙonnin agaji tsakanin tsibiran da babban yankin Indiya.

To amma riƙe rediyo daban, iya isar da saƙo daban. A karon farko da aka kira mu aikin gaske, an ajiye ni a wata makaranta da aka tara mutane, ruwan sama yana dukan kwanon rufi har ba ka jin wanda ke kusa da kai, ɗan'uwanmu kuma yana ofishin masu ba da agaji yana karɓar saƙo. Jami'ar da ke kula da sansanin ta sunkuyo ta ce mini a turo musu barguna tamanin. Na danna maɓalli na faɗa da baki, ban rubuta ba, shi kuma a cikin ƙarar iska ya ji talatin, ya ce ya fahimta, ni ma ban nemi ya maimaita mini ba. Da motar ta iso wajen ƙarfe ɗayan dare aka sauke barguna talatin, a lokacin kuwa ruwa ya rufe gadar da za ta bi ta koma. Ina zaune a kan bencin 'yan makaranta ina kallon uwaye suna lulluɓe yara uku uku da bargo ɗaya, ga rediyona yana aiki lafiya lau, siginarsa a cike. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa.

Tun daga wannan dare muka kafa wa kanmu ƙa'idar da ba mu sassauta ta ga kowa. Duk saƙo sai an rubuta shi a takarda kafin a aika, da lambarsa, da lokacinsa, da sunan jami'in da ya bayar da wanda za a kai wa. Adadi kuma ɗaya bayan ɗaya ake karanta shi, wato takwas, sifili, sannan mai karɓa ya karanto saƙon gaba ɗaya, mai aikawa ya tabbatar masa. Sunan wuri ko na magani ana bin sa harafi harafi da kalmomin da duniya ta amince da su, irin su Alfa, Bravo, Charlie. Mai rediyo ba ya gyara saƙo, ba ya taƙaita shi, ba ya kuma ƙara masa nasa ra'ayi ko da yana ganin jami'in ya yi kuskure. Abin da zai iya yi shi ne ya tambayi jami'in kafin ya aika. Ana kuma naɗa mutum ɗaya ya jagoranci zaman sadarwar a iska, kowa sai ya nemi izininsa kafin ya yi magana, shi ne mai tantance saƙon da ya shafi rai ya sa shi gaba da na neman abin kwanciya. Wannan yana yi wa sababbin shiga nauyi, musamman waɗanda suka saba doguwar hira a iska da daddare, amma idan mutum biyu suka danna a tare a mita ɗaya, yawanci ɗaya ne zai danne ɗaya, ko kuma su ɓata wa juna duka.

Irin wannan sabo ba ya samuwa sai da maimaici, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, da ƙayyadadden lokaci da ƙayyadaddiyar mita, kowa ya shigo da lambar kiransa, wato haruffa da lambobin da lasisinsa ya ba shi don a gane shi a iska, ku aika wa juna saƙonnin gwaji, kuna faɗa a farko da ƙarshe cewa gwaji ne don kada wani mai sauraro ya firgita. Lokaci lokaci ku kashe wutar gida ku yi zaman a kan batir kaɗai, a nan ne za ku gane wanda batirinsa ya mutu tuntuni bai sani ba. Masu rediyon Amurka da Kanada suna yin irin wannan atisaye a fili kowace shekara a watan Yuni.

Abu na biyu da ya fi na'ura muhimmanci shi ne ku san masu hukumar agajin gaggawa ta yankinku, su ma su san ku, tun ana zaman lafiya. Ku je ku gabatar da kanku, ku faɗi abin da za ku iya ba tare da cika baki ba, ku nemi a rubuta wanda zai kira ku da inda za a ajiye ku. Wanda ya bayyana a wurin bala'i ba a gayyace shi ba, ya rataya oba-oba uku a ƙugu yana ba mutane umarni, nauyi ya ƙara wa masu aiki, kuma irinsa ne ke sa a rufe wa sauran ƙofa. Ku tuna kuma cewa dokar rediyon sa-kai ta hana karɓar kuɗi a kan saƙo, ta hana ɓoye ma'anarsa, don haka duk mai rediyo yana jin abin da kuka faɗa. Sunan majinyaci da ciwonsa ba abin faɗa a iska ba ne. Shiga mitar 'yan sanda ko ta 'yan kwana-kwana ma lasisinku bai ba ku ba. Taron rediyo na duniya na 2003 ya sassauta ƙa'idar isar da saƙon wasu zuwa ƙetare a lokacin bala'i, amma kowace ƙasa da yadda ta tsara nata, saboda haka ku karanta sharuɗɗan lasisinku da kyau.

Yanzu ga maganar saye. Domin cikin gari, oba-oba ta hannu mai wat 5 a zangon mita 2, wato daga megahaz 144 zuwa sama kaɗan, ta isa farawa. Wannan zango kusan iya ganin ido yake tafiya, gini da tudu suna tare shi, shi ya sa ɗaga eriya ya fi ƙara wat amfani nesa ba kusa ba: cire 'yar guntuwar eriyar roba ka haɗa wadda aka ɗaure a kan dogon sanda, sai ka ji wanda ɗazu ba ka ji. Idan akwai na'urar maimaita sigina a kan wani tsauni ko dogon bene ku yi amfani da ita, amma ku gwada iya inda kuke jin juna ba tare da ita ba, domin ita ma wuta take ci, kuma tamu ta taɓa mutuwa a tsakiyar aiki.

Domin kaiwa garuruwan da ke bayan tsaunuka, mutum ɗaya ko biyu a cikinku su mallaki rediyon gajeren zango, idan matakin lasisinsu ya yarda. A shimfiɗa waya mai tsawon kusan mita 20 a kwance, a ɗaga ta 'yan mitoci kaɗan daga ƙasa, sai siginar megahaz 7 ta tashi sama ta dawo ta rufe ɗaruruwan kilomita da rana. Da dare a koma megahaz 3.5 da waya mai ninkin wannan tsawo. Irin wannan rediyo idan yana fitar da wat 100 yana jan wuta mai yawa, kusan amfiya 20, daga batir mai bolt 12, amma idan ka rage zuwa wat 25, mataki ɗaya kacal ma'aunin siginar mai sauraronka zai sauka, batirinka kuma ya daɗe. Ku haɗa da faifan sola, da abin sauraro na kunne saboda hayaniyar sansani, da tocila, da fensir maimakon biro, domin biro ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda. Filogin wutar na'urorinku kuma ku mai da shi iri ɗaya tun yanzu, ta yadda batirin kowannenku zai shiga rediyon ɗan'uwansa ko a cikin duhu.